Jini a Fitsari Bayan Aikin Kansar Mafitsara: Matakan da Mai Jinya Zai Bi

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga masu jinya a Garwa da Marwa da Yagwa, har da 'yan'uwanmu na Kuseri da ke tsallaka gada zuwa asibitocin Injamena: an yi wa mahaifi ko mahaifiya aikin kansar mafitsara, an sallamo su gida, kwana goma ko ashirin sun wuce amma fitsari bai daina fita da jini ba, shin aikin ne bai yi kyau ba, ko kuwa cutar ce ta dawo? Na san nauyin wannan tambaya domin na yi jinyar kawuna a kan wannan cuta, na kuma ga yadda jan fitsari a gindin gwangwani yake hana gida guda barci. Akwai jinin da yake cikin tsarin warkewa, akwai wanda ke neman gwaji cikin mako guda, akwai kuma wanda ba a kwana da shi a gida, kuma abin da ke raba su shi ne ranar da aka yi aikin, da launin fitsarin, da ko yana fita ko ya tsaya. Ga matakan bi da bi. Duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya yi aikin, a bi tasa, domin shi ya ga cikin mafitsarar da idonsa.

1. A tabbatar da irin aikin da ranarsa

A fara da ɗauko karne na asibiti da takardar sallama, a nemi wanda ya iya Faransanci ya karanta idan babu mai iyawa a gida. Aikin da aka fi yi shi ne wanda ba a tsaga ciki, inda likita ke shigar da bututu mai kyamara ta mafitar fitsari, ya kankare ƙarin daga bangon mafitsara, sannan ya ƙone jijiyoyin da ke zubar da jini. A takarda galibi ana rubuta shi RTUV. Akwai kuma wanda ake tsaga mara a yanke wani ɓangare na mafitsara, da wanda ake cire ta gaba ɗaya a yi wa fitsari sabuwar hanya da guntun hanji. Yawancin abin da ke tafe ya shafi aikin kankara ne, masu sabuwar hanya kuwa suna da nasu matakin a gaba.

Bayan kankara ana barin ɗanyen miki a wurin da kullum yake jiƙe da fitsari, yana miƙewa idan mafitsara ta cika, yana takurewa idan ta zube, shi ya sa ba ya warkewa da saurin mikin fata. Ganin jini kaɗan na kwanaki, har zuwa sati biyu ko uku yana zuwa yana ɗaukewa, abu ne da likitoci suka saba da shi. A rubuta ranar aikin da manyan baƙi a bangon littafi, domin kowace tambaya da za a yi nan gaba daga wannan rana ake ƙirga ta.

Gargaɗi: a tambayi inda aka kai naman da aka kankaro. Ana aika shi ɗakin binciken nama, wanda ma'aikata ke kira anapat, sau da yawa har Yawunde, kuma sakamakonsa ne ke nuna zurfin da ƙarin ya yi a bangon mafitsara. Idan ya nuna ƙarin ya fara nutsawa, ko ba a samu kankare shi duka ba, likita kan sake kankara ta biyu tsakanin sati biyu zuwa shida bayan ta farko. Iyalai da yawa suna komawa ƙauye ba su karɓi wannan takarda ba, sai jini ya ci gaba suna zaton miki ne, alhali ragowar ƙari ce ke jiran aiki na biyu.

2. A riƙa duba fitsarin a kwalba, a kuma rubuta

Kayan aikin ba su da tsada: gorar ruwan sha ta roba mai lita ɗaya da rabi wadda ake gani ta cikinta, a yanke wuyanta, sai littafi da biro, da ma'aunin zafin jiki, da waya mai ɗaukar hoto. Majinyaci ya daina yin fitsari kai tsaye a masai, ya kuma bar gwangwani da roba mai launi, domin ba a ganin gaskiyar launi a cikinsu. A ɗaga gorar a hasken rana, ba a hasken tocila ba.

Launukan da za a gani kusan huɗu ne. Akwai mai kama da ruwan wankin nama, wanda idan aka sa yatsa a bayan gorar ana ganinsa, kuma wannan shi ne na warkewa. Akwai mai kama da tsinkakken zoɓo, wato folere, wanda ke nuna jinin ya ɗan ƙaru, a ƙara shan ruwa a kwanta a sake dubawa bayan awa biyu ko uku. Akwai mai launin baƙin shayi ko tsatsa, wanda tsohon jini ne yake wankuwa, kuma bai kai yadda yake tsorata mutane ba. Sai na huɗu, ja jawur mai kauri kamar markaɗen tumatir, wanda ba a ganin komai ta cikinsa, kuma wannan sabon jini ne yake zuba a lokacin. Game da gudaji, ƙanana masu girman ƙwayar dawa ko wake, musamman baƙaƙe, suna fita a lokacin warkewa, amma gudaji masu girman dabino da suka yi kama da yankan hanta labarinsu daban ne.

Yana da kyau mai jinya ya san cewa cokalin shayi ɗaya na jini ya isa ya rina gora guda ta fitsari, saboda haka jan launi kaɗai ba ya nufin jinin mutum na ƙarewa. Fitsarin asuba kuma shi ne mafi duhu domin an kwana ba a sha ruwa ba, kada a yanke hukunci da shi, a jira na hantsi da na la'asar. Sau uku a yini a rubuta lokaci, da launi, da ko akwai guda, da yawan abin da ya fita, sannan a ɗauki hoton wanda ya fi muni. Likita yana ganin marasa lafiya da yawa a yini, kuma shafi ɗaya na irin wannan rubutu ya fi masa amfani a kan a ce masa “yana dai zuwa yana tafiya”.

Gargaɗi: mai shan maganin tarin fuka ya sani cewa rifamfisin yana mayar da fitsari ja-ja mai ruwan lemo ba tare da jini ba. Ga mata kuma, a sa tsaftataccen farin ƙyalle ko auduga a gane ko jinin daga mafitar fitsari yake ko daga farji, domin jini bayan ɗaukewar al'ada yana buƙatar binciken likitan mata.

3. Alamomin da ba a jiran wayewar gari

Na sa wannan mataki da wuri domin shi ne yake ceton rai. Mafi gaggawa shi ne toshewar fitsari da gudajin jini. Majinyaci zai ji fitsari ya matse shi, ya je ya yi ta nishi ba abin da ke fita sai ɗigo, mara ta kumbura ta yi tauri, zafi na ƙaruwa yana haɗa gumi. Haka ya faru da kawuna a dare na goma sha biyu bayan aiki. Tun bayan isha'i yake ta zirga-zirga tsakanin ɗaki da bayan gida yana riƙe da mara, kunya ta hana shi faɗa wa kowa, sai da na ji nishinsa na fito na same shi ya dafa bango ya kasa miƙewa. Da na ce, “Kawu, mu tafi asibiti,” sai ya ce in bari a yi sallar asuba. Ba mu bari ba. A asibiti aka sa masa roba mai kauri, aka riƙa tura ruwa da babban sirinji ana zuƙo gudaji har suka rufe gindin kwano, sannan aka rataya ledar ruwan gishiri tana shiga mafitsara ta baki ɗaya tana fita ta ɗaya, daga ja ta koma ruwan hoda, kafin azahar ta yi fari.

Idan mutum ya kai awa huɗu zuwa shida yana jin matsi bai yi fitsari ba, a nufi asibiti mafi kusa da ke da ma'aikacin da ya iya sa robar fitsari, ko da ba can aka yi aikin ba, daga baya a yi maganar turawa gaba. Kada a danna masa mara, kada a gasa ta da ruwan zafi, kada kuma a ci gaba da ɗura masa ruwan sha, domin mafitsarar da ta toshe ƙara cika take yi, kuma bangonta da aka kankare ya yi siriri.

Sauran alamomin su ne fitsari mai kaurin tumatir da ya ƙi tsinkewa bayan awanni ana shan ruwa ana kwance, da manyan gudaji a jere, da zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni tare da rawar ɗari ko ciwon kwiɓi, da ciwon ciki mai tsanani da kumburi a kwanakin farko bayan aiki. Sai kuma alamomin ƙarancin jini: jiri idan an miƙe tsaye, haki a ɗan taku kaɗan, bugun zuciya da sauri, da farin tafin hannu da na cikin fatar ido. Zazzaɓi a nan kada a ɗauke shi na cizon sauro kawai a sayo magani a shago, a bari a gwada jini da fitsari duka biyun.

Game da kuɗi, wankin mafitsara yana cin ledojin ruwan gishiri masu yawa a dare ɗaya, kuma galibi iyali ne ke saye a kantin maganin asibiti, tare da roba mai baki uku da jakar fitsari da safar hannu. A ajiye wani abu a gefe tun ranar sallama, a hannu ko a waya, musamman domin wannan. A kuma shirya mutum biyu ko uku masu lafiya daga dangi waɗanda za su iya ba da jini, domin idan aka zo ƙarin jini yawanci ana neman iyali su kawo masu mayar da abin da aka ɗauka.

4. Shan ruwa a kan ƙa'ida

Muddin fitsari yana fita, ruwa shi ne babban maganin gida, domin yana tsinka jinin kafin ya daskare ya zama guda. A cika gora biyu masu lita ɗaya da rabi da safe, a ajiye su kusa da shimfiɗar majinyaci, ya riƙa shan ruwan cikin kofi guda kowace awa tun daga safe har magariba, sannan a rage da dare domin ya samu barci. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40 a Garwa da Marwa da Injamena, gumi yana kwashe kaso mai yawa na abin da aka sha, saboda haka ma'aunin gaskiya shi ne launin fitsarin la'asar da yawansa, ba adadin kofuna ba. A rage shayi mai ƙarfi da kofi da goro da yaji mai yawa, domin suna tsokanar mafitsara, giya kuwa a bar ta baki ɗaya.

Gargaɗi: mai ciwon zuciya da ƙafafunsa ke kumbura, da mai ciwon ƙoda, ba su bin wannan adadi, likita ne zai faɗi iyakarsu.

Maganar azumi tana tasowa kowace shekara, kuma dattawanmu ba su son ajiye shi. Wuni babu ruwa ga mai ɗanyen miki a mafitsara hanya ce ta haɗa guda, alhali ayoyi na 184 da 185 na Suratul Baƙara sun ba mara lafiya damar ya sha ya rama daga baya. Idan magana daga bakin ɗa ta yi wa uba nauyi, a roƙi limamin unguwa ya zo ya faɗa masa. Shi ne kuma zai yi masa bayanin hukuncin alwala da salla ga mai yoyon fitsari ko mai ɗauke da roba.

5. Hutu, musamman a sati na biyu

Kuskuren da na fi gani yana faruwa ne lokacin da majinyaci ya fara jin sauƙi. Wajen kwana goma zuwa sha huɗu bayan aiki ɓawon mikin yakan ɓamɓare, sai fitsarin da ya riga ya yi fari ya sake rinewa, wani lokaci da 'yan baƙaƙen ɓarɓashi. Idan mutum yana kwance yana shan ruwa, galibi yana washewa cikin yini ɗaya ko biyu. Amma daidai wannan lokacin ne mutum yake ganin ya warke, ya hau babur zuwa kasuwa a kan hanya mai gargada, ko ya ɗaga jarka mai lita ashirin, ko ya koma gona da fartanya. Kawuna ma a ranar da fitsarinsa ya toshe ya je zaman makoki a bayan babur, tafiyar da ta ɗauki fiye da awa guda zuwa da dawowa.

Har sati uku zuwa huɗu a guji ɗaukar kaya masu nauyi, da babur da keke, da jan guga, da noma, a kuma dakata da kwanciyar aure aƙalla sati biyu kuma sai fitsari ya washe. Tafiya a hankali a tsakar gida ko zuwa masallacin ƙofar gida tana da amfani, domin kwanciya wuni guda tana iya jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Taurin bayan gida ma abokin gaba ne, domin yunƙuri yana ɓalle mikin daga ciki. Miyar kuɓewa da kuka da zogale da gwanda suna taimakawa, idan kuma an kwana biyu ba a fita ba a nemi likita ya rubuta mai laushi, kada a sha mai wanke ciki na kasuwa.

6. A tattara duk magungunan gida a leda guda

A kwaso duk abin da majinyaci yake sha, na asibiti da na shago da na gargajiya, a kai wa likita ya gani da idonsa. Asfirin, da ibuprofen, da diklofenak, da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da masu talla ke sayarwa a tasha, duk suna iya tsawaita zubar jini, ibuprofen da diklofenak kuma suna wahalar da ƙoda. Domin zafi a tsaya a kan farasitamol, kada babba ya wuce giram 3 a yini sai da izinin likita.

Gargaɗi: wanda likitan zuciya ya ɗora a kan maganin tsinka jini, kamar asfirin na kullum ko klopidogrel ko Sintrom, saboda shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya, kada ya daina da kansa, kada kuma ya koma sha da kansa idan an dakatar masa kafin aiki. Likitocin biyu ne za su tsayar da rana. Haka nan kada a sayi maganin tsayar da jini irin su Exacyl ba tare da takardar likita ba, domin a hanyar fitsari yana iya sa jinin ya daskare ya zama guda mai tauri da zai toshe hanya. Jiƙo da tsimi da ba a san abin da ke cikinsu ba a ajiye su, ko da masoyi ne ya kawo da kyakkyawar niyya.

7. Idan an dawo gida da roba

Jakar fitsari ta kasance ƙasa da mara a kowane lokaci, ko a kwance ko a tafe, a kuma zubar kafin ta cika, da wankakkun hannaye. A manne bututun a cinya domin kada ya fizgu, a duba kada ya lanƙwashe ƙarƙashin jiki. Kada kowa ya ja robar da nufin cire ta, domin akwai ƙaramin balan-balan da aka hura a cikin mafitsara yana riƙe da ita. Idan jaka ta daina samun fitsari na awa biyu, mara tana ciwo ko fitsari yana tsiyaya ta gefen roba, ta toshe ke nan, a koma mataki na uku.

8. Idan jinin ya wuce sati huɗu, ko ya dawo bayan ya ɗauke

A nan hutu da ruwa sun gama aikinsu, sai bincike. Abubuwan da ke iya jawo shi sun haɗa da ragowar ƙari ko sabon tsiro, da ƙwayoyin cuta a mafitsara, da tsakuwa, da kumburin furostat ga maza, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsara, da maganin tsinka jini, da tsargiya, da ƙari a ƙoda ko a bututun da ke sauko da fitsari daga gare ta. Wanda aka yi wa gashin kansa da hasken na'ura a mara kuma yana iya ganin jini bayan watanni ko shekaru, saboda gashin yana raunana ƙananan jijiyoyin bangon mafitsara.

Tsarin gwajin da ya fi sauƙi ga aljihu shi ne a fara da masu araha. Na farko gwajin ƙwayoyin cuta a fitsari, wanda ake rubutawa ECBU, kuma ana yin sa a manyan asibitocin jihohi da reshen Cibiyar Pasteur da ke Garwa. A wanke gaba, a bar farkon fitsari ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar, a kai cikin awa biyu, sakamako kuma yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Kuskuren da ke ɓata wannan gwaji shi ne shan maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a ba da fitsarin, sai sakamako ya fito babu komai an yi asarar kuɗi. Na biyu ƙidayar jini, wato NFS, da gwajin aikin ƙoda da ake kira kreyatinin. Na uku hoton ciki na ekografi, wanda ake zuwa da cikakkiyar mafitsara. Na huɗu kyamarar mafitsara, wato sistoskopi. Sikana ta hanyar fitsari, wato hoton cikin jiki da babbar na'ura, ita ce mafi tsada, likita ne zai ce ko ana buƙatarta, kuma ba a yin ta da allurar rini sai an ga sakamakon ƙoda. Kafin a biya komai a nemi a rubuta jimillar kuɗin a takarda, domin farashi yana bambanta tsakanin asibitin gwamnati da na mishan da na kuɗi, a kuma karɓi rasit a kan kowane biya.

Gargaɗi: ekografi mai kyau ba ya wanke mafitsara daga zargi. Ƙananan tsiro da waɗanda suka kwanta shafal a bango ba sa fitowa a hoton, kyamara kaɗai ke ganin su. Haka nan samun ƙwayoyin cuta a fitsari ba ya hana a ce akwai ƙari tare da su, saboda haka idan an gama magani jini bai ɗauke ba, a koma.

9. Kada a jingina komai ga tsargiya

Wannan tarkon namu ne na wannan yanki. Duk wanda ya tashi a bakin Logon ko Shari ko Binuwai, ko a gonakin shinkafa na Yagwa da Maga, ko cikin masunta a tafkin Lagdo da tafkin Chadi, ya saba ganin yara suna ɗigar da jini a ƙarshen fitsari har abin ya daina ba kowa tsoro. Shi ya sa idan dattijo ya ga jini bayan aiki, maƙwabci zai ce masa tsohuwar tsargiya ce, ya sha ƙwaya huɗu ya huta. Gaskiya ne cewa tsargiya tana da hannu a kansar mafitsara, domin ƙwan tsutsar yana maƙalewa a bangonta shekara da shekaru yana haddasa kumburin da kan rikiɗe ya zama kansa. Gaskiya ne kuma ya dace a nemi ƙwan a fitsari, kuma an fi samun sa a fitsarin da aka tara tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, idan an same shi a sha firazikwantel bisa nauyin jiki, miligiram 40 a kan kowane kilo. Amma maganin tsutsa yake kashewa, ba ya taɓa ƙari ko kaɗan. Ga mutumin da aka riga aka samu kansa a mafitsararsa, shan maganin tsargiya ba ya soke zuwa kyamara. Masunci ko manomin shinkafa kuma ya sani komawa cikin ruwan yana iya sake sa masa cutar.

10. Masu karɓar magani a cikin mafitsara

Wasu ana rubuta musu maganin da ake zubawa a mafitsara ta roba, kamar BCG, wato raunananniyar ƙwayar cuta irin ta rigakafin tarin fuka, sau ɗaya a sati har sati shida, kuma ba a farawa sai an yi aƙalla sati biyu da kankara. Zafin fitsari da ɗan jini na kwana ɗaya ko biyu bayan kowane zubi abu ne da aka sani. Sai dai idan ranar zubi ta zo ana ganin jini ƙarara a fitsari, dole a faɗa wa ma'aikaci tun kafin ya fara, domin a irin wannan hali ɗage zubin ake yi, kada ƙwayar ta bi ta miki ta shiga jini. Na san mutum yana iya ɓoyewa saboda ya biya kuɗin mota daga nesa ba ya son a mayar da shi, amma haɗarin ya fi kuɗin motar. Zazzaɓin da ya haura 38.5 ya kuma wuce kwana biyu bayan zubi na asibiti ne, a kuma gaya musu BCG aka karɓa.

11. Waɗanda aka cire wa mafitsara

Fitsarin da ke bi ta guntun hanji yana zuwa da yauƙi mai kama da majina, kuma wannan ba cuta ba ce. Jan naman da ke bakin ƙofar da aka buɗe wa fitsari a fatar ciki yana iya ɗan tsattsafo da jini idan an goge shi wajen canza jaka, a danna da tsaftatacciyar auduga zai tsaya. Jinin da ke fitowa daga cikin ƙofar gauraye da fitsari bayan makonnin farko, ko jinin da ke ɗigowa ta tsohuwar mafitar fitsari, su ne ake kai wa likita ba tare da jinkiri ba.

12. Kyamarar wata uku

Ko jini ya ɗauke tas, ana komawa kyamara wata uku bayan kankara, sannan a ci gaba lokaci-lokaci na shekaru bisa ga abin da binciken nama ya nuna, domin wannan kansa tana cikin masu yawan sake tsirowa, kuma jininta yana zuwa ne yana ɗaukewa ba tare da ciwo ba. Lokacin da aka ga sabon tsiro mai girman ƙwayar wake a mafitsarar kawuna, fitsarinsa ya fi wata guda yana fita fari, har yana cewa a bar kuɗin a sayi hatsi, kuma saboda an same shi yana ƙarami kankara ɗaya ta ɗauke shi. Mai shan taba ya daina tun yanzu, domin ita ce babbar sanadin wannan cuta a duniya, kuma ci gaba da sha yana ƙara yiwuwar dawowarta.

A karɓi ranar komawa a rubuce tun kafin a bar asibiti, tare da lambar wayar sashen. Idan an tura ku Yawunde ko Duwala, a lissafa kuɗin mota zuwa Ngaundere, da jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, da masauki da abincin mutum biyu, a fara tarawa tun watan farko, ko ta adashe ko ta gudummawar dangi. Idan ranar ta faɗo a tsakiyar damina kuma hanyar garinku tana yankewa, a fito da kwana biyu a gaba a sauka wurin 'yan'uwa. A kira sashen sati guda kafin tafiya a tabbatar likita yana nan kuma na'urar tana aiki, a tambaya ko suna son sabon ECBU kafin kyamara domin a yi shi a gida. Ranar tafiya a sa karne, da takardar bayanin aiki, da sakamakon binciken nama, da hotunan ekografi, da ledar magunguna, da littafin launin fitsari, duk a jaka guda wadda mai jinya zai riƙe a hannunsa, ba a cikin kayan da ake ɗaurewa a saman mota ba.